Shaidar Matafiyi Amana Ce: Darasi Daga Jama'ar Hijra ta Ƙasar Indiya

Ina gode muku da kuka ba ni aron kunnuwanku a kan maganar da yawancinmu suka fi son a yi ta ƙasa-ƙasa, ko ma a bar ta gaba ɗaya. Bahaushe mutum ne mai tafiya tun fil azal. Kakanninmu fatake sun taka har Gwanja neman goro, alhazanmu sun ratsa Chadi da Sudan a ƙafa zuwa Makka, yau kuma 'ya'yanmu da marasa lafiyarmu suna sauka a Delhi da Chennai da Hyderabad don karatu ko jinya. Mukan ce tafiya mabuɗin ilimi, mukan kuma ce gani ya kori ji. Abin da nake son kafa hujja a kansa a wannan zama shi ne cewa gani kaɗai ba ya wadatarwa. Duk abin da matafiyi ya gani a ƙasar wasu, ya dawo ya ba da labari, shaida ya bayar, shaida kuwa amana ce. Idan ƙyama ta riga tambaya shiga zuciyarsa, labarinsa zai fito a karkace, kuma waɗanda aka kalla ɗin su ne za su ɗanɗana kuɗarsa, wani lokaci har jikoki da tattaɓa-kunne. Zan ɗauki misali guda in bi shi daki-daki, wato yadda baƙi Turawan Ingila suka haɗu da wata jama'a a Indiya da ake kira hijra, da abin da ya biyo bayan wannan haɗuwa.

Kada a rikita wannan suna da Hijirar Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Hijra a Indiya da Bangaladash, waɗanda a Pakistan aka fi kira kwaja sira, mutane ne da akasarinsu aka haifa da surar maza, amma suka tashi da ɗabi'a da shiga irin ta mata, suna kuma ɗaukar kansu wani jinsi na daban. Ƙalilan daga cikinsu mata-maza ne tun haihuwa, wasu kuma sukan yanke gabansu bayan sun girma, wasu ba sa yi. A tsakaninsu suna kiran juna da sunayen mata, don haka ni ma zan riƙa cewa "ita" idan na ambaci ɗayarsu. Suna zaune ne gida-gida, kowane gida da uwar ɗaki da suke kira guru, da almajiranta da suke kira chela, kuma gidajen suna ƙarƙashin manyan zuriyoyi masu shugabanni da ke sasanta rikici da yanke tara. Tsohuwar sana'arsu ita ce zuwa gidan haihuwa ko gidan biki su yi waƙa da rawa, su sa wa jariri ko amarya albarka, a ba su tukuici. Jama'a da yawa sun yi imani albarkarsu tana kamawa, bakinsu ma yana kamawa. A ƙidayar Indiya ta 2011 an samu mutum kusan dubu 488 da suka rubuta kansu a layin da ba na maza ba kuma ba na mata ba. Wannan ita ce jama'ar da baƙo daga Kano ko Damagaram zai gani a mahaɗar titi, sanye da sari, suna wani irin tafi mai ƙara, suna miƙa hannu ta tagar mota.

Kafin Turawa su kafa mulki, waɗannan mutane suna da gurbi sananne, ko da ba mai daraja ƙwarai ba ne. Masanin tarihi Laurence Preston ya bi takardun yankin Maharashtra, ya nuna cewa sarakunan Maratha sun ba wasu gidajen hijra gonaki marasa haraji da rubutaccen izinin karɓar sadaka a wasu garuruwa, kuma wannan haƙƙi yana gangarowa daga guru zuwa chela kamar gado. A fadojin sarakunan Mughal kuma akwai wani rukuni na daban, wato babanni, bayi ne da aka dandaƙe, masu tsaron cikin gida, wasunsu har suka riƙe baitulmali da rundunar yaƙi. Mu ma mun san babanni a tarihin fadojinmu. Waɗannan rukunoni biyu ba ɗaya ba ne ta fuskar asali ko sana'a ko matsayi, amma baƙon da ya zo da gaggawa ya zuba su a kwando guda ya liƙa musu suna ɗaya. Wannan shi ne kuskure na farko, kuma daga gare shi sauran suka tsiro.

Mu dubi yadda haɗuwar take a idon baƙo. James Forbes ma'aikacin Kamfanin Gabashin Indiya ne, ya sauka Bombay a 1765 yana saurayi, ya bar ƙasar a 1784, ya kuma wallafa tarihin zamansa a 1813. A 1775 ya bi rundunar da Ingila ta tura Gujarat don taimakon wani basaraken Maratha mai suna Raghunath Rao. A sansanin sojojin Maratha ya tarar da mutane da dama masu tufafin mata da rawanin maza, suna aikin girki. Ya ba da labarin cewa an kira shi cikin wani tanti inda likitocin soja suke duba jikin biyu daga cikinsu, bai daɗe a ciki ba, kuma abin da ya gani ya ba shi ƙyama. A lura da abin da ke cikin wannan labari da abin da babu. Akwai tanti, akwai likitoci, akwai tsiraicin mutum biyu da aka tuɓe don baƙi su kashe ƙwarƙwatar ido. Babu sunansu, babu garinsu, babu kalma ko ɗaya daga bakinsu. Mutumin da ya shekara kusan ashirin a ƙasar, wanda ya zauna ya zana tsuntsaye da furanni da haƙuri mai ban mamaki, bai iya tsayawa ya tambayi waɗannan bayin Allah yadda suka zo nan ba. Littafinsa kuwa ya yaɗu a Ingila, kuma irin waɗannan littattafai ne samarin da za su zo su zama alƙalai da razdanoni suke karantawa kafin su hau jirgin ruwa.

Da baƙon ya zama mai mulki, sai ƙyamarsa ta samu hatimi. A shekarun 1850 gwamnatin Bombay ta ƙi amincewa da ci gaban gadon waɗancan gonaki da izinin sadaka. A 1852 kuma, a gundumar Mainpuri ta arewacin Indiya, aka tsinci gawar wata hijra mai suna Bhoorah an yi mata yankan rago. Kotu ta kama tsohon abokin zamanta Ali Buksh da laifin. To amma masaniyar tarihi Jessica Hinchy, wadda ta bi takardun shari'ar a littafinta na 2019, ta nuna yadda alƙalan Turawa suka bar zancen wanda ya yi kisa suka koma kan jama'ar wadda aka kashe, suna bayyana wanzuwarsu a matsayin abin kunya ga mulkin Ingila. An kashe mutum, sai danginta suka zama abin tuhuma. Zuwa 1865 gwamnatin lardin Arewa maso Yamma ta fito fili da manufar ganin wannan jama'a ta ƙare sannu a hankali. A 1871 aka kafa Dokar Ƙabilu Masu Laifi, wadda kashinta na biyu ya shafe su kai tsaye. Dokar ta umarci 'yan sanda su buɗe rajista ta sunayensu da gidajensu da dukiyarsu. Duk wadda aka yi wa rajista, idan aka gan ta a titi da tufafi ko adon mata, ko tana rawa ko kiɗa a bainar jama'a, za a iya kama ta ba tare da sammaci ba a ɗaure ta har shekara biyu. An hana ta riƙon yaro ɗan ƙasa da shekara 16, an hana ta yin wasiyya ko kyautar da dukiyarta. Hujjar da aka kafa ita ce wai suna satar yara suna dandaƙe su. Amma bayanan da hukumar ta tattara da hannunta sun nuna yaran da aka samu a gidajensu kaɗan ne, waɗanda aka yi wa wannan aika-aika kuma sun fi haka ƙaranci.

Wata shari'a ta 1884 ta ƙara fito da yadda abin yake aiki. An kama wata mai suna Khairati saboda an gan ta da kayan mata tana waƙa, likita ya duba jikinta, ƙaramar kotu ta hukunta ta a ƙarƙashin sashe na 377 na kundin laifuffukan Indiya na 1860, sashen da ya haramta saduwar da ta saɓa wa ɗabi'a. Da aka ɗaukaka ƙara zuwa babbar kotun Allahabad, sai aka soke hukuncin, domin babu wanda ya iya faɗin ranar da aka yi laifin, ko wurin, ko da wa aka yi. Ma'ana, an hukunta ta ne a kan kamanninta. Ga silsilar a fili: kallo ya haifi ƙyama, ƙyama ta shiga littafi, littafi ya zama rahoto, rahoto ya zama rajistar 'yan sanda. An soke wancan kashi na biyu na dokar 1871 a 1911, amma tabonsa bai goge ba. Masarautar Hyderabad ta kafa irinta a 1919, kuma ba a kawar da ita ba sai a 2023, lokacin da babbar kotun jihar Telangana ta ce ta saɓa wa tsarin mulki. Mutanen da aka raba da gona, aka hana su waƙa da rawar da suke ci da ita, me ya rage musu in ban da bara da sayar da jiki? Daga baya kuma wani sabon baƙo ya zo ya tarar da su a wannan hali, ya ce ai dama haka suke.

Yanzu mu dubi abin da ke fitowa idan baƙo ya zauna ya yi tambaya. Serena Nanda daga Amurka ta yi zama da su ta wallafa bincikenta a 1990. Gayatri Reddy ta yi nata a Hyderabad ta wallafa a 2005, kuma ta gano cewa abin da ya fi damun waɗannan mutane a zancensu na yau da kullum shi ne mutunci: wa ke da shi, ta yaya ake samunsa, me ke zubar da shi. Ta kuma tarar da cewa da yawansu, har da waɗanda aka haifa a gidajen Hindu, suna ɗaukar kansu Musulmi, suna girmama wadda ta je aikin Hajji a cikinsu, ko da yake suna haɗa hakan da wasu al'adun bautar Hindu. Sun kuma fara ba da labarinsu da bakinsu. A. Revathi, 'yar jihar Tamil Nadu, ta rubuta tarihin rayuwarta da ya fito da Ingilishi a 2010, inda ta bayyana dukan da ta sha a hannun 'yan'uwanta na jini, da gudunta daga gida, da wulaƙancin da ta gani a ofishin 'yan sanda. A Dhaka, a 2020, wasu malamai suka buɗe makarantar Alƙur'ani ta musamman domin hijra, saboda ba sa samun wurin zama a sauran makarantu. A 2024 aka buɗe musu masallaci kusa da Mymensingh, bayan sun sha kora da tsangwama a masallatan gari. Duk wanda ya tsaya a kallon tagar mota ba zai taɓa sanin cewa mai tafin nan tana iya kasancewa tana neman inda za ta koyi Fatiha ba tare da an yi mata dariya ba.

Na san akwai masu ja da wannan magana, kuma sun cancanci amsa ta gaskiya. Na farko zai ce: addininmu ya haramta luwaɗi, ya kuma la'anci namijin da ke kwaikwayon mata, to me ya kawo zancen tausayi? Amsata ita ce ban zo nan don in halatta wa kowa abin da addininsa ya haramta ba. Abin da nake tunatarwa shi ne addinin da ya yi hanin shi ne kuma ya gindaya iyakoki a kan mai hanin. Suratul Ma'ida ta gargaɗe mu kada ƙin wasu mutane ya kai mu ga barin adalci. Suratul Hujurat ta hana izgili da mummunan zato da bin diddigin asirin mutane. Suratul Isra'i ta tabbatar da karramawar da Allah ya yi wa 'yan Adam ba tare da ware wasu ba. Malamanmu kuma ba su yi wa wannan babi kuɗin goro ba. Imam Nawawi, a sharhinsa na Sahihu Muslim, ya raba tsakanin wanda aka halitta da laushin murya da motsi irin na mata, wanda ya ce babu zargi a kansa, da wanda ya ƙirƙiri hakan da gangan, ko da yake wasu malamai sun ƙara da cewa na farkon ma ya yi ƙoƙarin gyarawa gwargwadon iko. A cikin Sunan na Abu Dawuda an ruwaito cewa an kawo wa Manzon Allah wani mai irin wannan ɗabi'a da ya yi ƙunshi a hannu da ƙafa, ya sa aka fitar da shi bayan gari, amma da aka nemi izinin kashe shi ya hana, saboda mutumin yana salla. Muhtasar na Shaihu Halil, wanda malaman zaurenmu suka sani ciki da bai, ya rufe ne da mas'alar gadon mata-maza, wato fiƙihu ya zauna ya ƙididdige wa wannan bawan Allah rabonsa. Shari'a tana hukunta aiki ne da aka tabbatar a gaban alƙali da shaidu, tana kuma hukunta mai ƙazafi. Abin da aka yi wa Khairati, a kama mutum saboda kamanni a tuɓe shi a nemo laifi a jikinsa, ba shi da gurbi a wannan tsari.

Na biyu zai ce: duk wannan ajandar Turawa ce, su ne suke son cusa mana abin da ba namu ba. Ina fahimtar wannan fargaba, domin gaskiya ne manyan ƙasashe sukan haɗa tallafi da sharuɗɗa, kuma babu al'ummar da ke son a yi mata wa'azi da sanda. Amma tarihi ya fi wannan zance faɗi. Shaihu Rifa'a al-Tahtawi, malamin Azhar da ya zauna a Paris daga 1826 zuwa 1831 a matsayin limamin ɗaliban Masar, ya lura cewa Faransawa ba sa waƙar bege ga samari, har ma idan suna fassara waƙoƙin Larabci masu irin wannan salo sukan mayar da wanda ake begen mace, kuma ya yaba musu a kan haka. A wancan ƙarni Turai ce ke zargin ƙasashen Musulmi da Indiya da sakaci a wannan fanni. A Landan an rataye mutum biyu a 1835 saboda luwaɗi, an ɗaure marubuci Oscar Wilde a 1895, kuma Ingila ba ta sassauta dokarta ba sai a 1967. Hanin addini ya riga Bature zuwa ƙasashenmu da ɗaruruwan shekaru, wannan babu ja. Amma rajista, da kamun mutum saboda tufafinsa, da mayar da jama'a guda masu laifi tun kafin su aikata komai, waɗannan a jirgin Bature suka zo. Sun ma iso har ƙofar gidanmu. Kundin Indiya na 1860 shi ne tushen kundin Sudan na 1899. Kwamitin masana shari'a da gwamnatin Jihar Arewa ta gayyato a 1958, ƙarƙashin babban jojin Sudan Muhammad Abu Rannat, ya ba da shawarar a yi koyi da na Sudan, kuma daga nan aka samu kundin Penal Code da ya fara aiki a 1960. A cikinsa, a sashen masu zaman banza, an lissafa namijin da ya sa tufafin mata a bainar jama'a. Wanda yake son ya tsarkake al'adarsa daga tasirin baƙi, ya kamata ya san wane ɓangare na abin da yake karewa ne gadon kakanninsa, wane ne kuma gadon razdan.

Na uku zai ce, wataƙila ma wanda ya taɓa zama a Indiya: ai mutanen nan suna takura wa jama'a, suna tare fasinja a jirgin ƙasa, suna tsayawa a ƙofar gidan biki su ƙi tafiya sai an biya su abin da suka yanka, wasu ma suna barazanar tuɓewa. Wannan gaskiya ne, Indiyawa da kansu suna kuka da shi. Akwai kuma guru masu cin gumin almajiransu, akwai yankan gaba da ake yi ba a asibiti ba wanda ke iya kai mutum lahira. Adalcin shaida ya haɗa da faɗin wannan duka. Amma wanda ya ƙwaci kuɗin mutane a hukunta shi a kan ƙwace, da sunansa, da shaidunsa, kamar kowa. Laifin Audu ba ya hawa kan duk mai suna Audu. Sannan mai hankali yakan tambayi mafarin abu. Yaron da aka kora daga gida yana ɗan shekara goma sha wani abu, aka yi masa ature a makaranta har ya daina zuwa, mai gidan haya ya ƙi shi, mai shago ya ƙi ɗaukarsa aiki, ina ake so ya nufa? Kotun ƙolin Indiya ta yi la'akari da wannan a hukuncinta na 15 ga Afrilu 2014, inda ta amince da su a matsayin jinsi na uku, ta kuma umarci gwamnati ta buɗe musu ƙofar ilimi da aiki da asibiti. A 6 ga Satumba 2018 kuma alƙalai biyar na kotun suka cire abin da manya suka yi da yardarsu a ɓoye daga hukuncin sashe na 377. Mutum na iya saɓa wa kotun a kan wannan hukunci na biyu, amma da wuya mai imani ya ce a ci gaba da rufe wa mutum ƙofar halal sannan a zarge shi da shiga ta haram.

Akwai kuma wani kuskuren da ke ɗaya gefen, wanda ya kamata in ambata don kada a ce na karkata. Wani baƙon yakan zo da zumuɗi, ya halarci bikin shekara-shekara na Koovagam a Tamil Nadu, ko ya ga hijra a taron ziyarar ƙabarin Shaihu Mu'inuddin Chishti a Ajmer, ya ɗauki hotuna masu launi, ya koma gida yana cewa ya gano ƙasar da babu tsangwama. Wani kuma yakan ɗauko sunaye da rabe-raben da aka ƙirƙira a New York ko Landan ya ƙaƙaba musu, alhali su suna da nasu tsarin na guru da chela da zuriya da ibada. Shi ma wannan bai saurara ba, abin da ya zo da shi a ransa ya gani. Hotunansa ba za su nuna abin da ya faru a Peshawar a watan Mayu na 2016 ba, inda aka harbi wata 'yar shekara 23 mai suna Alisha, abokan tafiyarta suka ba da shaidar cewa an ɓata lokaci a asibiti ana gardamar ko ɗakin maza za a kwantar da ita ko na mata, ana kuma yi musu ba'a, har ta cika bayan 'yan kwanaki. Pakistan ta kafa dokar kare su a 2018, kotun shari'ar Musulunci ta tarayya kuma ta soke wasu sassanta a 2023, muhawarar tana nan da ranta. Amma ko wane ɓangare mutum ya ɗauka a wannan muhawara, babu mazhabar da ta ce a bar mai zubar da jini a baranda sai an gama tantance jinsinsa.

Me wannan ya shafe mu da shi? Ya shafe mu ta hanya biyu. Ta farko, yau mu ne baƙin. Forbes ya jira shekara kusan arba'in kafin labarinsa ya shiga ɗab'i, amma ɗalibinmu da ke Bangalore yana iya ɗaukar bidiyon wata baiwar Allah a bakin titi ya watsa a TikTok ko WhatsApp kafin fitilar hanya ta canza launi, dubban mutane su yi dariya, wasu su yi tsinuwa, ba tare da ɗayansu ya san sunanta ba. Ɗan Afirka a Indiya ya san zafin a nuna shi da yatsa saboda launin fatarsa, ya san zafin a ƙi ba shi haya saboda labarin da aka ji a kan wasu. Bai dace wanda ya san wannan ɗaci ya ɗura wa wani ba. Ta biyu, laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. A garuruwanmu akwai 'yan daudu, mun san su a wajen sayar da abinci a tasha da kasuwa da hidimar biki, tun kafin a haifi kowa a wannan zaure. Ba ɗaya suke da hijra ba, tarihinsu daban, tsarinsu daban. Wani baƙo daga Amurka, Rudolf Gaudio, ya zauna da su a Kano a shekarun 1990 ya rubuta littafi a kansu da ya fito a 2009. Ko mun yarda da fahimtarsa ko ba mu yarda ba, ya kamata mu tambayi kanmu ko mu da muke maƙwabtaka da su mun taɓa sauraronsu kamar yadda baƙo ya yi, ko kuwa mun tsaya a ci abincinsu da rana a jefe su da dare.

Saboda haka ina roƙon duk wanda Allah ya nufa da tafiya, da duk wanda ke karɓar labari daga matafiya, ya riƙe abu huɗu. Ya bambance abin da idonsa ya gani da abin da zuciyarsa ta raya masa. Ya tambayi mutane labarinsu kafin ya ba da labarinsu, in kuwa bai samu damar tambaya ba, ya taƙaita maganarsa. Ya tuna cewa halin da ya tarar da jama'a a ciki yana da mafari, kuma sau da yawa wani mai iko ne ya jefa su ciki. Sannan ya riƙe aƙidarsa da kyau, ya kuma san cewa aƙidar nan ita ce ta haramta masa izgili da ƙazafi da tona asiri da ɗaukar doka a hannu. Malamanmu da 'yan jaridarmu da masu wa'azinmu suna da babban nauyi a nan, domin kalmar da suka furta a kan mumbari ko a rediyo tana iya zama dutse a hannun yaron da bai san komai ba. Za a tambaye mu a kan ji da gani da abin da zuciya ta ƙulla, kuma waɗanda muka ba da shaida a kansu za su tsaya tare da mu a ranar ƙiyama. Allah ya sa mu zama masu adalci ga wanda muke so da wanda ba mu so, ya shirye mu baki ɗaya.